Keken lantarki mai injin tsakiya ko na cikin taya, wanne ya dace da masu kai kaya?

Malam, ka ce kana son sayen kekunan lantarki uku saboda yaran da ke kai wa kwastomominka kaya, mai sayarwa kuma sai zuga ka yake ka ɗauki mai injin tsakiya, wato na wajen feda, duk da ya fi wanda injinsa ke cikin tayar baya tsada. To kafin maganar kuɗi, wace irin hanya yaran ke bi?

Injin tsakiya ta sarƙa da giyar keken yake ja, shi ya sa in an zo hawan tudu da lodi yaro na sauke giya sai ya haye ba wahala, na kamfanin Bosch ɗin nan Performance Line CX tun a 2020 ƙarfin juyinsa ya kai Nm 85 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin juyin inji). Amma fa duk wannan ƙarfin a kan sarƙa yake sauka, ga shi yaron da ba da kuɗinsa aka saya ba ba zai sassauta ƙafa wajen canza giya ba, sai ka ga sarƙa da haƙoran giya suna cinyewa da wuri. Kuma na kamfanoni irin su Bosch da Shimano in injin ya samu matsala sai dilansu mai kwamfuta, keke na ajiye kai kuma kana biyan yaro albashi, wannan asarar ce mutane ba sa lissafawa.

Na cikin taya ba ruwansa da sarƙa, ko ta tsinke in akwai totur yaro zai ƙarasa da kayan. Matsalarsa yin faci na cin lokaci saboda wayar da ke shiga tayar, ƙarafunan taya na yawan karyewa in lodi ya yi yawa, sannan yana zafi a doguwar hawa.

Ni dai in hanyarku shimfiɗaɗɗiya ce kuma kayan ba su da nauyi sosai, ɗauki na cikin taya, rarar kuɗin ka sayi batir na biyu, don cajin da ya ƙare da rana shi ke tsayar da aiki. In tudu ne kullum, to na tsakiya, amma ka duba na kamfanin Bafang tunda kayan gyaransa sun fi samuwa. Ka fara tambayar makanikenka wanne zai iya buɗewa, sannan ka sayi ɗaya ya yi wata guda yana aiki kafin ka biya kuɗin sauran biyun.