Ya karɓi piyano, yanzu yana son a mayar masa da kuɗi ta wani asusun daban

Wani matashi mai saye da sayar da kayan kiɗa na hannu a Samaru, Zariya, ya aiko mini da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum, Malam. Na sa tallar piyano ƙirar Yamaha PSR a Facebook, wani mutum daga Abuja ya yi mini magana, muka daidaita a kan naira 380,000. Ya turo kuɗi, na kai kaya tasha a Kwangila na ba direba, ya karɓa washegari har ya yi godiya. Bayan kwana huɗu sai ya ce wasu madannai ba sa kawo sauti, in mayar masa da kuɗinsa yau yau. Na ce ya nuna mini ta kiran bidiyo, ya ce ba shi da lokaci. Ya turo wata lambar asusu, wai ta matarsa ce. Da na koma na duba, sunan da ya turo kuɗin farko ma ba nasa ba ne. Ya ce in na tura zai saka piyanon a mota, in ban tura ba zai kai ni EFCC. Ba na son cin haƙƙin kowa, amma hankalina bai kwanta ba."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka tura ko sisi zuwa wannan sabon asusun. Kada kuma ka taɓa kuɗin da ya shigo. Bar shi a inda yake har ƙura ta lafa.

Na ji daɗi da ka ce ba ka son cin haƙƙin kowa, domin mai saye yana da haƙƙi na gaskiya. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani cewa wanda ya sayi abu ya tarar da aibin da ba a faɗa masa ba, yana da zaɓin mayarwa. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ita ma ta san da mayar da kaya mai matsala. Amma ka lura, duka biyun maganar mayar da kaya suke yi. Babu inda aka ce mutum ya riƙe kaya a ɗakinsa, ya kuma karɓe kuɗi. Shi wannan mutumin so yake ka yi cinikin biri a sama: ka saki 380,000 a kan alkawarin baki daga wanda ya ƙi ba ka minti biyu na bidiyo.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne sunayen nan uku da ba su haɗu ba: sunan wanda kuke magana da shi, sunan da ya biya, da sunan da ake so ka biya. Bari in nuna maka yadda ake ɗana irin wannan tarkon. Ɗan damfara yakan shiga asusun wani bawan Allah, ko ya yaudari wani da tallar ƙarya ya ba shi lambar asusunka a matsayin inda zai biya. Kuɗi na gaske ya shigo maka, alat ba na bogi ba ne, ka duba manhajar banki ka gan shi. Ka aika kaya. Daga nan ya ƙirƙiro matsala, ka tura masa kuɗi mai tsabta daga hannunka zuwa asusun da ya zaɓa. Bayan kwanaki mai kuɗin asali ya farga ya kai ƙara bankinsa. Da aka bi sawu, asusun wa za a tarar? Naka. Sai a rufe shi, ka kasa cire ko kuɗin cefane, a nemi ka dawo da abin da ka riga ka mayar. Piyano ya tafi, kuɗi ya tafi, ga sunanka a takardar bincike. Ban ce lallai abin da ke faruwa da kai ke nan ba, domin akwai masu sayayya da asusun 'yan'uwansu tsakani da Allah. Amma mai gaskiya ba ya jin zafi idan aka ce kuɗi zai koma ta hanyar da ya zo.

Akwai kuma tarko na biyu, wanda ya fi yawa a harkar kayan lantarki, shi ne musanya. Na taɓa zama a shagon wani mai gyara a Sabon Gari aka kawo masa amfilifaya da aka dawo wa wani ɗan kasuwa da ita, wai ba ta tashi. Kafin ya buɗe ya kira mai kayan ya ce ya dubi kan kusoshin: duk sun goge, alamar sukundireba ta hau su. Da ya ɗaga murfi, allon ciki ba nata ba ne, an ciro mai lafiyar an cusa ƙonanne. Ɗan kasuwar ya riga ya mayar da kuɗi tun da safe. Har yau ina tuna yadda ya zauna a kan benci ya yi shiru. Shi ya sa ko piyanon ya dawo hannunka, kada ka biya a tasha. Kifa shi ka duba ƙasansa, akwai tambarin da Yamaha ke rubuta samfuri da lambar siriyal. Gwada ta da hotunan da ka ɗauka lokacin talla. In ba ka ɗauki lambar ba, nemi wata alama da ka sani, ƙarzuwa a gefe ko maɓallin da ya koɗe. Sannan ka kai wa mai gyara ya jona shi a gabanka. Sau da yawa abin da ke kashe irin waɗannan kaya adaftar da ba tasu ba ce, ko wutar janareta da ta yi ƙarfi, kuma mai gyara yakan gane ƙunar da ta faru jiya da wadda ta daɗe.

Idan aka duba aka ga piyanonka ne, kuma matsalar tun daga wurinka take, to ka biya shi cikakke, har da kuɗin mota, ka ba shi haƙuri. Idan a hanya ya bugu, wannan magana ce tsakaninku da direba da shugabannin tasha, ya danganta da wanda ya ɗauki nauyin aikawa tun farko. Idan kuwa ƙaramin abu ne da ka riga ka faɗa a talla, ai wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Barazanar EFCC kada ta hana ka barci. Mai gaggawar tsoratarwa so yake ka biya kafin ka yi tunani. Kai ne ke da hujja, sai dai ka tattara ta yau kafin ya goge saƙonni: hoton tallar, hirarku daga farko har ƙarshe, saƙon godiyar da ya turo bayan ya karɓa, rasit ɗin tiransifa mai lambar shaidar ciniki, da lambar wayar direba. Gobe da safe ka je reshen bankinka da kanka, ka rubuta musu cewa kuɗi ya shigo maka daga suna kaza a kan cinikin kaza, kuma ana matsa maka ka mayar wa wani suna daban. Ka karɓi shaidar cewa ka shigar da ƙorafi. Idan daga baya wani ya kawo ƙara a kan kuɗin, takardarka ta riga tasa isa. In kuma wani ya kira ka yana cewa daga banki yake, ka karanto masa lambar sirri da aka turo maka don a warware rikicin, kashe wayar.

A ciniki na gaba, ɗauki bidiyo kana danna kowane madanni kafin ka naɗe kaya, ka nuna lambar siriyal, ka ɗiga jan farce a kan kusa ɗaya ko biyu. Ka kuma gaya wa mai saye tun kafin ya biya cewa daga asusu mai sunansa kaɗai kake karɓa.

Shi kuwa mutumin Abuja, ka daina amsa kiransa, komai ya zama a rubuce. Tura masa wannan, ba zagi ba gori: "Malam, na ji ƙorafinka kuma a shirye nake in duba. Ka saka piyanon da adaftarsa a motar Zariya, ka turo mini lambar direba. Idan ya iso mai gyara ya tabbatar shi ne na sayar maka kuma matsalar daga wurina take, zan mayar da kuɗin a ranar, zuwa asusun da ya fito." Idan ya saka kayan a mota, ka je Kwangila da mai gyaranka. Idan ya ci gaba da zancen asusun matarsa, ka haɗa wannan amsar tasa da sauran takardun ka kai wa banki.