Dalilin da ya sa akwatin gizo-gizon nan ba shi da tsayi

Ɗana, jiya da muke yanka gilashin mutumin nan na Argungu ka ce, "Maigida, me ya hana mu yi masa dogo irin na kifi, ya fi kyan gani?" Hannuna na kan aiki, shi ya sa ban amsa maka ba.

Abin da zai zauna a ciki gizo-gizo ne babba da ake kira tarantula, irin mai jan gwiwa da asalinsa ƙasar Meziko ce. Ba ya saƙa a saman ɗaki kamar namu. A ƙasa yake rayuwa, cikin rami, ga shi da sanyin hali, yakan wuni wuri ɗaya bai motsa ba. Amma da dare yakan hau gilashi, kuma cikinsa kamar ɗanyen ƙwai yake. In ya faɗo daga sama cikin ya fashe, da wuya ya tashi. Macen tana iya wuce shekara 20 a raye, ka ga bai kamata awonmu ya zama ajalinta ba. Shi ya sa na yi tsawo inci 16, faɗi 12, tsayi 10. In mai shi ya zuba garin ɓawon kwakwa inci 4, tazarar da ta rage zuwa murfi inci 6 ce, kusan daidai faɗin ƙafafunsa in ya miƙe su.

Murfin ne na fi so ka lura da shi. Na ga ka jawo ragar sauro, na ce ka mayar. A ƙarshen kowace ƙafa yana da 'yan ƙumbuna ƙanana da ke maƙalewa a raga, ya yi ta reto har ƙafa ta cire. Roba mai kauri za mu sa, mu huda ta da ƙaramin bakin diril, mu goge bakin hujin har sai ka shafa da yatsa ba ka ji kaifi ba. Sai sakata, domin yana da ƙarfin ture murfi. Silikon kuma na akwatin kifi, ba mai maganin fumfuna ba.

In mutumin ya zo ɗauka ga abin da za ka gaya masa. Kada ya ajiye shi jikin taga, ranar bazarar Birnin Kebbi za ta dafa shi cikin gilashi. Maganin sauro, na fesawa da na kunnawa, kada ya shiga ɗakin. Gyare ɗaya ko biyu a mako sun isa, da ruwa a ɗan faranti marar zurfi. In ya tarar da shi kwance rigingine kada ya taɓa, saɓa yake yi, ya cire gyaren da ya rage, ya hana shi abinci kamar mako guda.

Gobe da safe ka fara da gogar bakin gilashin, huji sai na zo.