Bokitina lita nawa yake ci?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah ina da tambaya. Ina kiwon kaji ne a gida, maganin da nake sa musu a ruwa an rubuta a jikinsa a auna da lita, to ni kuma bokitin roba gare ni wanda babu rubutun komai a jiki. Na auna da tef ɗin ɗinki, faɗin bakinsa santimita 30, gindinsa 20, zurfinsa 30. Lita nawa ke nan? Kuma in na cika shi zuwa rabi, rabin maganin zan sa? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya sa albarka a kiwo. Bokiti ai mazurari ne da aka datse wa tsini, baki da faɗi gindi a tsuke, shi ya sa ba a lissafa shi kamar duro wanda sama da ƙasa duk ɗaya ne.

Ki raba faɗin baki biyu, 15 ke nan, na gindi ma haka, 10. Sai ki yi 15 sau 15 ya ba ki 225, ki yi 10 sau 10 ya ba ki 100, sannan 15 sau 10 wato 150, wannan na ukun shi ne mutane suka fi mantawa da shi. Ki tara su duka 475. Ki ninka da zurfi, 30, ki raba gida 3, kin samu 4,750, sai ki ninka da 3.14 ɗin nan da ake ce wa pai a makaranta. Ya fito 14,915, kuma kowane 1,000 lita ɗaya ne, kin ga bokitinki na cin kusan lita 15 in ya cika maƙil.

Amma fa ina fata zurfin nan a tsaye kika auna shi, ba wai kin kwantar da tef a jikin bokitin ba, don jikin a karkace yake zai ba ki fiye da gaskiya. Ki gitta muciya a baki, ki tsayar da sanda a tsakiya har ta taɓa gindi, ki auna sandar daga gindi zuwa inda ta haɗu da muciyar.

To batun rabi kuwa, a'a wallahi kar ki yi haka. In ruwa ya kai rabin zurfi, faɗin samansa 25 ne, rabinsa 12.5, in kika sake wancan lissafin da zurfin 15 abin da zai fito bai ma cika lita 6 ba, sauran lita 9 ɗin duk suna can sama inda bokitin ya buɗe. Ke nan in kika zuba rabin maganin, wato na ruwa lita 7 da rabi, a wannan ruwan ya yi wa kajin ƙarfi, ƙananan tsaki kuma ba sa son haka.

Ni dai da ni ne a wurinki, sau ɗaya zan wahala. Ki samu robar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ki dinga cikawa kina juyewa a bokitin kina sa alama da alƙalamin maka a daidai inda ruwan ya tsaya, za ki ga da idonki alamomin suna ta matsowa kusa da juna in an doshi baki. Roba goma ya kamata ta kusa cika shi, in ba haka ba to a sake duba awon.