Zauren Ɗalibai: Da An Sa Lissafi Cikin Labari Sai Kaina Ya Ɗaure

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu na babbar sakandare. Idan aka ba ni lissafi tsurarsa, kamar 3x + 12 = 48, nan take nake gamawa. Amma da an rubuto shi da dogon Turanci, na shekarun uba da ɗa ko na ribar ɗan kasuwa, sai kaina ya ɗaure. Yanzu hoton aikin gida nake ɗauka in tura wa manhaja ko zauren WhatsApp na ajinmu, in kwafe amsa. Aikin gida ina ci, jarrabawa ina faɗuwa. Ina mafita? (Wata ɗaliba, Pantami, Gombe)

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Lissafinki lafiya lau yake. Inda kike tuntuɓe shi ne wajen fitar da lissafin daga cikin zance, kuma wannan aikin ne kike miƙa wa waya kullum, shi ya sa hannunki bai faɗa ba.

Kada ki taɓa biro sai kin karanta tambayar sau biyu, kin kuma faɗa wa kanki labarin da Hausa. Sannan ki duba jimlar ƙarshe, nan ne yawanci ake faɗin abin da ake nema. Shi za ki kira x, ki rubuta a fili: x shekarun ɗa ne a yau. Ɗalibai da dama suna tsallake wannan layin, su kai tsakiyar aiki sun manta ko x uba ne ko ɗa.

Ga misali. Shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku. Bayan shekara 12 za su ninka su sau biyu. Ki ja ɗan jadawali: a yau ɗa x, uba 3x, bayan shekara 12, ɗa x + 12, uba 3x + 12. Lura, dukansu aka ƙara wa 12, don ɗan ma ba tsayawa zai yi yana jiran uban ya tsufa ba. Yanzu 3x + 12 = 2(x + 12). Ki buɗe baka, wato ki ninka duk abin da ke cikin ( ) da 2: 3x + 12 = 2x + 24, wato x = 12. Ɗa yana da 12, uba 36. Wanda ya manta baka ya rubuta 2x + 12 zai samu x = 0, jaririn da ubansa ma bai zo duniya ba. Duk amsar da hankali bai ɗauka ba, ki koma baya. Ki kuma gwada amsarki a cikin labarin, ba a cikin layin da kika rubuta ba: bayan shekara 12, uba 48, ɗa 24. Ya yi.

Na riba ya fi kayar da mutane. An sayar da buhun masara naira 46,000 da ribar kashi 15 cikin ɗari, nawa aka saro shi? Mai gaggawa zai cire kashi 15 na 46,000, wato 6,900, ya ce 39,100. Ba haka ba ne. Riba a kan kuɗin sari ake lissafa ta, kowane ɗan kasuwa a Tudun Hatsi ya san wannan ko bai shiga aji ba. Kuɗin sari shi ne kashi 100, kuɗin sayarwa kashi 115. Ki raba 46,000 da 115, ki samu 400, ki ninka da 100: naira 40,000. Ribar 6,000 ke nan.

Turancin ma yana da tarko. “Five less than x” x − 5 ne, ba 5 − x ba, ko da yake biyar ɗin ce ta fara zuwa a jimla. Awa ɗaya da minti 30 kuma 1.5 ce, ba 1.30 ba.

Wani dalilin barin kwafe: takarda ta biyu ta lissafin WAEC tambaya 13 ce, a amsa 10 cikin awa biyu da rabi, kuma masu duba ta suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, ba a kan amsa kaɗai ba. Wadda ta kafa lissafinta daidai ta yi kuskure a ƙarshe tana da rabonta. Wadda ta dire amsa babu aiki za ta iya tashi a tutar babu.

Tambaya: Malam, yarona yana aji uku na ƙaramar sakandare. Kullum da dare sai ya karɓi wayar mahaifiyarsa wai aikin lissafi. Ni ban yi nisa a boko ba. In hana shi ne? (Wani magidanci, Kumo)

Amsa: Alhaji, ba sai an hana ba, a sa doka dai. Ya fara zama da takarda da biro na minti 15, ya rubuta abin da aka ba shi da abin da ake nema, ya gwada. Bayan nan ya ɗauki waya, kuma ya tambayi matakin da ya maƙale, ba amsar duka ba. Ku sanar da shi cewa manhajojin ɗaukar hoto irin su Photomath sun fi ƙwari a lissafi tsura, sukan kuma karanta 7 a matsayin 1 idan rubutu ya cakuɗe. Masu hira irin su ChatGPT suna bayani mai daɗin ji, amma wani lokaci su kawo amsar da ba daidai ba babu ko ɗar. A zauren WhatsApp kuwa, kuskuren mutum ɗaya aji guda ke kwafewa.

Ba sai kun iya Turanci ba kafin ku gane ko ya fahimta. Ku ce ya ajiye wayar ya ba ku labarin tambayar da Hausa, sannan ku canza masa lambobin. Ko ku gwada shi da wannan: mota ta yi tafiyar kilomita 120 da gudun 60 a awa, ta dawo da gudun 40, mene ne matsakaicin gudunta? In ya ce 50, tarawa ya yi ya raba biyu. Zuwa awa biyu ne, dawowa awa uku, kilomita 240 cikin awa biyar, amsa 48. In ya kasa, ya kai wa malaminsa takardar da ya yi gwajin a kai washegari, da kurakuranta, kada ya goge komai.