Firizata ta daina daskarar da ƙanƙara, in kwashi adashi in sayi sabuwa?

Wata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a Marwa, ƙasar Kamaru, ta ce tun da zafi ya shigo, ruwan da take ƙullawa sai ya kwana biyu bai daskare ba, kuɗin wuta kuma ya hau. Mai gyara ya ce a ƙara gas, ita kuwa tana tunanin kwasar adashinta ta sayi sabuwa.

Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna, ki fara jawo firizar daga jikin bango ki leƙa bayanta. Aikin firiza shi ne ta kwaso zafin da ke ciki ta fitar da shi ta siraran baƙaƙen bututun nan, wato kwandensa. Ƙurar hunturun da muke sha daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana lulluɓe su kamar bargo. Idan Maris da Afrilu suka zo, zafi ya haura digiri 40, bututun sun kasa fitar da zafi, sai kwamfaresa, wato injin da ke tura gas a cikin bututun, ya yi ta aiki ba hutu, sanyi kuma ya ƙi kamawa.

A nan ribarki take zuba. A ce kwamfaresarki tana cin wat 150. In ta yi awa 12 a rana, kilowat-awa 1.8 ke nan, wato ma'aunin da ake lissafa kuɗin wuta da shi. In ƙura ta sa ta yi awa 20, ya zama 3. Bambancin a wata ya kai kilowat-awa 36. Ki ninka da farashin da ke kan takardar wutarki, ki haɗa da cinikin da ya wuce ki don ba ƙanƙara.

Ki cire soket kafin komai. Ki sami busasshen burushin fenti mai laushi ki kakkaɓe bututun daga sama zuwa ƙasa, sannan ki share ragar da ke gefen kwamfaresa, da fanka in akwai. Kada ruwa ya taɓa wajen wayoyi. Wuƙa ko ƙusa kuwa ki nisanta su, ko wajen kankare ƙanƙarar ciki, domin bututun ba su da kauri, kuma firizoji da yawa na yanzu suna amfani da gas R600a wanda yake kamawa da wuta. In taki doguwa ce mai murfi a sama, ba lallai ki ga bututun ba, suna cikin bangonta, shi ya sa gefenta ke ɗaukar zafi. Ita iska take so: ki bar tazarar santimita 10 ko fiye ta kowane ɓangare, ki kwashe buhuna da kwalayen da aka jingina mata, ki kauce wa rana. A ƙurarmu, sharar nan duk wata ce lokacin hunturu.

Ki gwada robar murfin ma. Ki datse takarda da shi ki ja. In ta zare ba wuya, sanyi na tsiyaya ta nan.

Maganar ƙara gas ita ce ta fi damuna. Gas ɗin firiza ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi, sai in bututu ya huje. Idan bayan shara ta kwana guda ba canji, ko kika ga maiƙo a mahaɗar bututu, ki kira mai gyara, amma ki ce ya nemo hujin ya like shi kafin ya zuba gas, in ba haka ba za ki sake biya kafin damina.