Fatawa: An ba ni atamfa da kuɗi, an rantsar da ni a kan ƙuri'ata

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matar aure ce, 'ya'yana biyar. Makon jiya wata mata da ke yi wa wani ɗan takara aiki ta shigo gidanmu, ta raba wa kowacce turmin atamfa da taliya da naira dubu biyar, sannan ta ɗauko Alƙur'ani ta ce kowa ta dafa ta rantse shi za ta dangwala wa. Na rantse, don a lokacin babu ko ƙwayar hatsi a ɗakina. Amma na san mutumin, ya taɓa riƙe muƙami bai tsinana mana komai ba. Ƙanina kuma ya ce zaɓen gaba ɗaya kafirci ne, in yi zamana a gida. Malam, ina mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah Ya yaye miki ƙunci, Ya saka miki da alheri da zuciyarki ta ƙi natsuwa da wannan abu.

Bari in fara da maganar ƙaninki. Akwai malamai da suka hana shiga zaɓe, kamar Shaihu Muƙbil na ƙasar Yaman, kuma hujjarsu ita ce hukunci na Allah ne Shi kaɗai, ba a miƙa shi ga rinjayen mutane. Wannan asali gaskiya ne. Da za a tara mutane a ce su kaɗa ƙuri'a ko giya ta halatta, to babu Musulmin da zai yarda cewa yawan hannu yana halatta abin da Allah Ya haramta. Sai dai abin da aka kira ki ki yi daban ne. Tambayarki ake yi: cikin waɗannan mutane, wa kike ganin ya fi dacewa a damƙa masa baitulmali da asibiti da makarantar 'ya'yanki? Irin wannan tambayar kuwa ba baƙuwa ba ce a Musulunci.

A daren mubaya'ar Aƙaba ta biyu, maza 73 da mata 2 suka zo daga Madina, Manzon Allah (SAW) ya ce su fitar masa da wakilai 12 daga cikinsu. Su da kansu suka fitar, tara daga ƙabilar Khazraj, uku daga ƙabilar Aus. A shekara ta 8 bayan hijira, da mutanen Hawazin suka zo roƙon a mayar musu da iyalansu da aka kama a yaƙin Hunaini, Manzon Allah (SAW) ya nemi yardar sahabbai, jama'a suka amsa baki ɗaya cewa sun yarda. Bai wadatu da wannan ba. Ya ce bai san wanda ya yarda da wanda bai yarda ba, su koma sai shugabanninsu sun kawo masa bayani. Bukhari ya ruwaito shi. Ki duba fa, Annabi ne da wahayi ke sauko masa, amma yana son ya ji bakin kowa.

Da ya yi wafati a shekara ta 11, Ansar suka taru a rumfar Banu Sa'ida suna shirin naɗa Sa'ad bin Ubada. Abubakar da Umar da Abu Ubaida suka same su, aka yi muhawara har wani ya ce a yi sarki biyu, ɗaya daga Ansar ɗaya daga Muhajirai, kafin a tsaya kan Abubakar. Washegari jama'a suka yi masa mubaya'a a masallaci, ya miƙe ya ce an ɗora shi a kansu alhali ba shi ne mafificinsu ba, in ya kyautata su taimake shi, in ya karkace su miƙar da shi.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne abin da ya faru a shekara ta 23. Da aka soki Umar, ya bar al'amarin a hannun mutum shida: Usman, Aliyu, Ɗalha, Zubairu, Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Abdurrahman bin Auf. Abdurrahman ya janye kansa, ya ɗauki nauyin jin ta bakin mutanen Madina. Miswar bin Makhrama ya ce cikin dare Abdurrahman ya buga masa ƙofa, ya same shi yana barci, ya gaya masa cewa shi kam dare ukun nan idonsa bai ga wani barcin kirki ba. Masana tarihi sun ambaci cewa har matan da ke cikin ɗakuna sai da ya nemi ra'ayinsu. Attajiri ne, dattijo, yana bin gidaje cikin duhu don kada a ɗora wa al'umma wanda ba ta yarda da shi ba. Hanyar naɗa Abubakar daban, ta Umar daban, ta Usman daban. Shari'a ta wajabta shawara da amana, ta bar salon yin su ga zamani.

In ƙaninki ya ce ai waɗancan daular Musulunci ce, tamu kuwa ba ita ba ce, sai a tuna masa Annabi Yusuf (AS), wanda ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar a ƙarƙashin sarkin da ba ya kan addininsa. A tuna masa sahabban da suka yi hijira Habasha: da wani ya yi wa Najjashi, sarkin ƙasar, tawaye, aka hura wa Zubairu bin Awwam salka ya rungume ta ya haye kogi don ya gano musu yadda yaƙin zai kaya, su kuma suna ta addu'a Allah Ya ba Najjashi nasara, saboda a inuwar adalcinsa suke zaune lafiya. Da irin waɗannan dalilai ne mafi yawan malaman zamani suka halatta zaɓe, wasu ma kamar Shaihu Ibn Usaimin suka ga wajibi ne. Wannan shi ne abin da nake rinjayarwa. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 a Najeriya, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba, kuma zaman sauran a gida bai hana a rantsar da kowa ba. Ki gaya wa ƙaninki ya ji tsoron Allah game da kalmar kafirci, ba a jifan Musulmi da ita a mas'alar da malamai suka yi saɓani.

Yanzu atamfar. Ƙuri'a shaida ce. Idan kika dangwala yatsa, cewa kika yi kin shaida wannan ya cancanta. Allah Ya haɗa shaidar zur da ƙazantar gumaka a aya ɗaya cikin Suratul Hajji, Ya ce a nisance su. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Huraira mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya saɓa. Na taɓa tsayawa a layi a rumfar zaɓenmu, na ga wani dattijo mai furfura ya ɗaga takardarsa ya nuna wa wani yaro da ke jingine da garu, ya zagaya baya ya karɓi 'yan kuɗi ya cusa a hula. Wallahi ranar har na koma gida zuciyata ba ta daina zafi ba. Laifin wanda ya ci gajiyar yunwarsa ya fi nasa girma nesa ba kusa ba, amma la'anar da ta zo a hadisi ta ambaci mai ba da rashawa da mai karɓa.

Na san ana yawan cewa a karɓi kuɗinsu a zaɓi cancanta. Ni ban gamsu da wannan ba idan an gindaya sharaɗi ƙarara, domin ya haɗa karɓar rashawa da yaudara, kuma muddin ana samun masu miƙa hannu kasuwar ba za ta watse ba.

Rantsuwar da kika yi ba ta ɗaure ki ba. Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi ta alheri, ya yi kaffara ya aikata wanda ya fi. Tunda kin san mutumin bai cancanta ba, bai halatta ki zaɓe shi ba. Ki warware, ki ciyar da miskinai goma ko ki tufatar da su, in ba ki da hali ki yi azumin kwana uku, kamar yadda ya zo a aya ta 89 ta Suratul Ma'ida. Daga bayaninki, azumin ya wadatar da ke. Atamfar, in ba ki ɗinka ba, ki mayar wa matar idan hakan ba zai jawo miki fitina ba. In zai jawo, ki ba wata mabuƙaciya. Abin da yara suka riga suka ci saboda yunwa, ki yi istigfari, ba na ɗora miki biyansa.

Ranar zaɓe ki nemi izinin maigida, ki fita da hijabinki da katinki. Ma'aunin shi ne wanda 'yar dattijon Madyana ta faɗa game da Annabi Musa (AS): mai ƙarfi, amintacce. In duk 'yan takarar ba su cika shi ba, ki duba wanda sharrinsa ya fi sauƙi ga addini da rayukan mutane, ki tambayi waɗanda suka yi hulɗar kuɗi da shi, ki yi istihara, sannan ki dangwala.

Allah ne Mafi sani.