Tambaya da Amsa: Kalmomin Taron Sauyin Yanayi Sun Ɗaure Mini Kai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar banki ce a Kano, a sashen ba manoma rance. An tura ni bita kan sauyin yanayi, na wuni ina jin COP, NDC, net ziro, mitigeshin, adafteshin da kabon kiredit, na dawo kaina a ɗaure. Ba ni da lokacin karanta dogon rahoto. Don Allah a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kalmomin suna da yawa, amma kusan dukkansu kan abu biyu suke kewaya: me za a yi, kuma wa zai biya.

Tushen maganar shi ne iskar kabon da ke fita idan an ƙona fetur, dizal, gas ko kwal, da iskar mitan da ke fitowa daga cikin shanu, fadamun shinkafa da rijiyoyin mai. Waɗannan iskoki kan taru a sama su riƙe zafi kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu, kabon kashi 280 ne cikin miliyan na iskar da muke shaƙa, yau ya haura 420.

Mitigeshin na nufin rage wannan hayaƙi tun daga tushe, kamar maye injin ban ruwa mai shan fetur da na hasken rana. Adafteshin kuwa shirin zama ne da abin da ya riga ya iso: irin gero mai saurin nuna saboda damina ta daina tsayawa kan lokacinta, magudanar ruwa, inshorar amfanin gona. A aikinki wannan na biyun ne ya fi shafar ki, domin shi ke nuna ko manomi zai iya biyan bashi a shekarar fari. Wani aikin ma yakan haɗa biyun. Manoman Maradi da suka koma barin gawo da sauran itatuwa su sake tofowa a gonakinsu sun samu ƙasa mai ni'ima da abincin dabbobi, itatuwan kuma suna zuƙe kabon.

COP taron shekara-shekara ne na ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar yanayi ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1992. Lambar da ke biye masa lissafin zama ne kawai. A na 21, a birnin Paris a 2015, aka amince kada ƙarin zafin duniya ya kai digiri 2, a kuma yi ƙoƙarin tsayar da shi a 1.5. Kada ki ɗauka zafin Kano na watan Afrilu ake nufi. Matsakaicin zafin duniya baki ɗaya ne, idan aka gwada da na shekarun 1850 zuwa 1900.

NDC takardar alƙawari ce da kowace ƙasa ke rubuta wa kanta, tana sabunta ta duk shekara biyar. In ta zo hannunki, nemi inda aka raba alƙawarin gida biyu. A wadda Najeriya ta miƙa a 2021, ta ce za ta rage kashi 20 cikin ɗari na hayaƙin da aka yi hasashen za ta fitar a 2030 da ƙarfin aljihunta, amma kashi 47 idan an taimaka mata daga waje. Wannan tazara ita ce cinikin da ake tafkawa a tarukan.

Net ziro ce kalmar da aka fi yaudarar mutane da ita. Ba ta nufin an daina fitar da hayaƙi, tana nufin abin da aka fitar ya yi daidai da abin da aka janye daga iska. A taron COP na birnin Glasgow a 2021 Shugaba Buhari ya sa wa Najeriya shekarar 2060 don kaiwa net ziro, Indiya ta ce 2070. Idan kamfani ya zo yana wannan iƙirari, tambaye shi nawa ya rage da gaske, nawa kuma ya saya. Abin da ake saya shi ne kabon kiredit: takardar shaida ɗaya na wakiltar tan ɗaya na kabon da wani ya hana fita ko ya janye, misali ta dashen itatuwa ko murhu mai tsimin itace. Ni dai ina ɗari-ɗari da wannan kasuwa, domin an sha gano ayyukan da aka zuzuta amfaninsu. In aka kawo wa manomanki irin wannan kwangila, duba shekara nawa za ta ɗaure gonar da kason da dillali zai ci.

Saura kuɗi. "Asara da ɓarna" na nufin abin da shiri bai iya karewa ba, irin ambaliyar 2022 da ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya. An amince da kafa asusunsa a taron COP na Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022. Afirka dai ba ta fitar da ko kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin kabon na duniya. A taron COP na birnin Baku a 2024 aka yi alƙawarin cewa zuwa 2035 kuɗin da ake tara wa ƙasashe masu tasowa don tunkarar sauyin yanayi zai kai dala biliyan 300 duk shekara. Sai dai kaso mai tsoka na abin da ake kira "kuɗin yanayi" bashi ne mai ruwa. Ke da ke aikin banki, duk lokacin da aka ambaci adadi a taro, ɗaga hannu ki tambaya: kyauta ce ko rance?